Tauraron da Jatau Ya Gani

Jatau mai walda ne a Talata Mafara, ya samu aiki a madatsar ruwan Bakolori tun farkon gininta. A can ya saba da wani Bature mai awon ƙasa, Marko, wanda ya koya masa kallon taurari, har ya bar masa tsohon madubinsa na hangen sama, dogo kamar bututu.

Wata rana bayan isha'i, Jatau ya saita madubin kan wani ɗan farin tabo a sama da ya daɗe yana dubawa. Marko ya taɓa ce masa tarin taurari ne masu nisan gaske. Sai ga ɗigon haske a gefensa, inda da babu komai. Ya taɓa jin cewa tauraro kan fashe, haskensa ya iso mana, amma sai mutum na biyu ya gani ake yarda.

A lokacin manoman da ruwa ya cinye wa gonaki sun tare hanyar madatsar. Washegari da la'asar Jatau ya ɗaure madubin a bayan keke, ya bi wannan hanya zai je wajen Marko.

"Tsaya nan! Bindiga ce ya ɗauko!" wani ya daka tsawa.

Nan take aka kewaye shi da sanduna da gatura. Wani ya riƙe masa wuyan riga. Sai ga wansa Sallau ya ratso taron.

"Jatau, mi ka kawo?"

"Madubi ne, Yaya. Tauraro zan nuna wa Bature."

"Gonar babanmu na ƙarƙashin ruwa, kai kana kallon sama?"

Sallau ya kwance igiyar, ya leƙa bututun ta baki da gindi, ya juya ga mutane.

"Babu harsashi a ciki. Ƙanena ne, ku bar shi. In ya ci amana, ni za ku kama."

Aka ba Jatau hanya ya wuce. Da duhu ya shiga, Marko ya daɗe da ido a madubin, sannan ya ɗago ya ce: "Babu shakka, sabo ne!" Ya buga wa masana taurari na ƙasarsu waya. Amsa ta zo cewa gaskiya ne, sai dai wani a wata ƙasa ya riga su gani.

Maganar wansa ta zauna wa Jatau a rai, bai sake komawa aikin madatsar ba. Ya buɗe rumfar walda a bakin kasuwa, yana gyara garma da amalanke har tsufansa.