Dabinon da Bakri Ya Hana a Sare

Ana sallame sallar asuba Malam Bakri Adam zai ɗaura igiyarsa a ƙugu, ya soke laujensa, ya bi magudanan ruwa ɗaya bayan ɗaya yana buɗe su. Kafin rana ta yi zafi ya hau dabino goma. Shekara ashirin da shida yana wannan a wata gonar dabino da ke kwarin Aƙiƙ, a nan ƙasar Larabawa, tun zuwansa daga Chadi. A wannan watan zai ajiye aiki ya koma wurin 'yarsa Sumaya a Al-Azizya, domin gwiwoyi sun ce sun gaji. Na ji ana cewa mai aikin gona ne kawai, me za a rubuta a kansa? To ni zan rubuta, wanda bai so ba ya tsallake shafin.

Na san shi ne ta dalilin wasa. Shekara huɗu da suka wuce Saif, ɗan mai gonar, ya dawo daga karatu a waje da wani sabon abu. Ya kafa kwandunan ƙarfe guda tara masu sarƙoƙi a cikin gonar. Kana tsaye daga nesa za ka wurga faifan roba, inda ya faɗi nan za ka sake ɗauka, har ya shiga kwando. Wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci. Mu da muke yini muna tuƙin mota a unguwar Anbariyya muka samu wurin miƙe ƙafa ranar Juma'a bayan la'asar.

Sai dai fili ne mai mugun hali. Ko ina bishiya: dabino, magarya, ga ƙaya. Kwando na shida ya fi kowanne. Tsofaffin dabinai huɗu ne suka tsaya a gabansa kafaɗa da kafaɗa, rassansu har ƙasa. Ka yi jifan da kake alfahari da shi, sai ka ji ƙwas, faifan ya dawo kusa da ƙafarka. In ya maƙale a sama, Malam Bakri ne zai hau ya sauko da shi, tafin hannunsa duk sukar ƙaya. Abdulmajid, abokin wasanmu, ya ƙirga a rana ɗaya ya hau sau goma sha ɗaya, bai ko tsuke fuska ba.

Mu ne muka jawo rigimar, kuma ba zan ɓoye ba. Mun sa gasa a watan da ake ɗaura wa macen dabino furen namiji, abin da masu gona ke kira talƙihi. Mu 'yan birni ina muka sani? Faifai suka yi ta dukan furannin da ya yi kwana da kwanaki yana ɗaurewa. Washegari muka tarar ya kifa buhu a kan kwando na shida ya ɗaure bakinsa. Maimakon mu ji kunya, sai muka je wurin Saif muka ce bishiyoyin nan huɗu su ne matsalar, a sare su kowa ya huta. Ni na fi kowa ɗaga murya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Saif yaro ne mai kirki, jikan alhazan Katsina, yana jin Hausa sarai amma bakinsa Larabci ya fi saba wa. Ya zo da injin yanka ya ajiye a gaban dattijon.

"Ya ammi Bakri, baffana, halas, ya isa haka. Huɗu ne bas, huɗu kawai. Gonar tana da ɗari uku."

"Ɗana, kakanka ne ya dasa su. Na zo na same su suna haihuwa, bara ma sun haihu. Me suka yi?"

"Suna tare hanya, ya ammi."

"Hanyar wa? Su suka riga kwandonka zuwa."

Saif ya tuna masa, a hankali amma kowa ya gane, cewa iƙamarsa, wato takardar zamansa, a hannun gidansu take. Duk wanda ke zaune a ƙasar nan da takardar wani ya san nauyin wannan maganar. Malam Bakri ya kwance igiyarsa, ya ɗora lauje a kai, ya ajiye kusa da injin.

"Ga kayanku. Ka kawo wanda zai sare, ma fi mushkila, ba matsala. Amma ba da hannun da ya shayar da su ba. In kuwa hanya kake so, ka ba ni har a gama girbi."

Saif ya sunkuya ya ɗauke injinsa.

Kai ne, Malam Bakri, ka yi wata biyar kana zuwa kana tsayawa a bayanmu kana kallon yadda faifai ke tashi, mu muna zaton kallon wawaye kake yi mana. Da aka gama girbi ka hau bishiyoyi biyun tsakiya, ka rage busassun rassa ta gefe ɗaya kawai, ka kankare ƙayoyin gindi. Ka buɗe taga wadda ba ta fi faɗin ƙofar ɗaki ba. Ka ce mana iskar kwari tana juyawa bayan la'asar, wanda ya jira ta ya yi jifa ƙasa-ƙasa zai wuce. Kai da ba ka taɓa riƙe faifai ba sai don ka miƙa wa mai shi! Ƙi-gudu na Aƙiƙ, ka sa mun sunkuyar da kai.

Kada wani ya ɗauka wurin ya yi sauƙi. Bai yi ba. Wata likita mai suna Huda ce ta fara ratsa tagar da jifa ɗaya, ta yi ta ihu har masu shan shayi a gefen filin suka taso. Ni kuwa makon jiya jifa takwas na yi, na koma gida ina gunaguni. Amma yanzu na san hannuna ne ke da gyara.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne, tun kafin ya tafi na fara jin ƙishin-ƙishin. Sababbin 'yan wasa suna cewa da zarar tsohon ya bar gonar sai a sake yi wa Saif magana. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Mun gode, Malam Bakri. Allah Ya huta gajiya, Ya ba gwiwoyin nan lafiya, Ya sa abin da ka shayar ya yi maka shaida. Ku kuma da ke riƙe da amanar wani abu da ba ya iya magana, ku koyi tsayuwa daga wannan bawan Allah, wanda ya tsaya alhali takardar zamansa tana hannun wani. Ni da Abdulmajid mun riga mun je mun gaya wa Saif a gaban mahaifinsa: ranar da injin ya dawo, mu zai tarar zaune a gindinsu, mu da muka fara neman a sare su.