Kada a Faɗa wa Kawu Wanda Ya Ci

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ina yanke hanya ta filin da ke bayan kasuwar Gorton, riƙe da ledar kifi da attaruhu, sai na ji ƙarar katako ya haɗu da ƙwallo. Ƙwas. Yaran unguwa ne ke buga kurket a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Na tsaya cak kamar wadda aka kira, har wata tsohuwa mai tura keken kaya ta kauce mini tana harara. Ita ba ta san cewa a lokacin na bar Manchester ba, ina can falon Kawu a Handsworth, ina 'yar shekara goma sha biyu.

Kawu yayan Ummanmu ne, injiniyan hanya a ƙaramar hukumar Birmingham. Yana saurayi gwamnatin jiharsu ta tura shi karatu Amurka, wani gari da ya ce ko ta ina ka duba gonar masara ce. Ya dawo da digiri, da wata shuɗiyar hular hana sallah, da ciwon da ba shi da magani, wato son besbol. Umma takan ce mutane na zuwa Amurka su dawo da mota, nata yayan wasan kulki ya kwaso.

In ba ka taɓa ganin wasan ba, mai karatu, ba ka yi asarar da za a yi maka jaje ba, amma ga yadda yake. Mutum ɗaya ya jefa ƙwallo, wani ya yi ƙoƙarin maka ta da kulki. In ya same ta sai ya sheƙa, ya bi zango uku ya dawo inda ya tashi, an ci ɗaya ke nan. Sauran lokacin kowa na tsaye yana taunar cingam yana gyara hula, kuma a haka za a cinye rabin yini. A watan Oktoba ake wasannin ƙarshe, kulob biyu su kara har sau bakwai, wanda ya riga cin huɗu ya ɗauki kofi. Amurkawa na kiran abin gasar duniya. Abbanmu, wanda ba ya barin Kawu ya sha ruwa, yakan tambaye shi wace duniya ce wannan da ba a gayyaci kowa ba.

Hutun tsakiyar zangon karatu yakan faɗo daidai wannan lokaci, sai Umma ta sa mu a mota ni da Yayana a kai mu Birmingham. Har yanzu ina jin ƙanshin gidan. Turaren wutar Anti, matar Kawu, da ɗumin hita da aka kunna karon farko bayan bazara, da gyaɗa mai ɓawo tana gasuwa a oven. In bas ta wuce a babban titi gilashin taga yakan yi rawa. Ganye ya zube ya manne a bakin ƙofa, maƙwabta Indiyawa sun jera fitilun bikinsu, kuma kafin ka ankara magariba ta yi.

Wasan da tsakar daren nan ake yinsa, Kawu kuwa ba ya wasa da barcinsa ko asubarsa. Saboda haka akwatin talabijin ne ke ɗauka, a kalla bayan azahar. Daga nan dokar gidan ta samo asali: tun daga wayewar gari har a gama kallo, ba a faɗa wa Kawu wanda ya ci. Wayarsa takan shiga durowar kicin, a kashe rediyo, jarida ta tsaya a bakin ƙofa. Mukan yi ta tafiya da sanɗa kamar masu gadin wani babban sirri. Sai da na girma na gane sirrin ba ya buƙatar mai gadi, domin duk faɗin Handsworth ko kuɗi ka ba mutum ba zai iya gaya maka wanda ya ci besbol jiya ba.

Anti ta ce da ba haka abin yake ba. Can baya akwai tashar da ke nuna wasan kyauta, kuma Kawu na da majalisa, abokansa da suka yi karatu tare a Amurka. Sukan cika falon, a yi ta musu da ihu har ta leƙo ta tuna musu bangon maƙwabta ba kauri ne da shi ba. Daga baya tashar ta ce babu masu kallo ta daina, wasan ya koma tashar biya. Majalisar ma ta zagwanye. Wani ya koma Kaduna, wani ya samu aiki a ƙasar Larabawa, wani ya bi 'ya'yansa ya koma ƙwallon ƙafa, abin da Kawu ya ɗauka kusan ridda. Shi da kansa yakan ce ko a Amurkar yara sun guje shi, wai ya cika nawa.

Sai ya rage daga shi sai mu. Yayana yakan zauna iya tsawon gyaɗa, tana ƙarewa ya sulale sama wurin wasan kwamfuta. Ni da farko hita ce ta zaunar da ni, kujerar Kawu ta fi kusa da ita. Amma shi kaɗai ne babban da ya taɓa tsayar da talabijin don ya ji ra'ayina. Yakan danna maɓalli, hoton ya daskare, ya juyo ya tambaye ni me nake ganin mai jifan zai yi yanzu. In na amsa da Turancina na Manchester sai ya yi kamar kurma, dole in sake da Hausa. Rabin Hausar da nake rubuta maka da ita yau a wannan kujera na koye ta.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. A unguwarmu an rufe ɗakin karatu, an rage bas, gidan wasan matasa ya koma kango. A Birmingham aka haɗe sashen su Kawu da wani, aka sallami tsofaffin ma'aikata har da shi. Bai yi ƙorafi a gabanmu ba. Ya ce dama ƙashinsa ya gaji da sanyi, in shekara ta juya zai koma Zariya. Kuma a wannan shekara ce, kamar da gangan, kulob ɗinsa ya kai wasannin ƙarshe, abin da bai yi ba tun kafin a yi wa Umma aure. Aka yi uku da uku, ya rage wasa ɗaya. Kawu ya ce mini bai roƙi lallai su ci ba, shi dai yana so ya zauna ya ga ƙarshen da idonsa, zuciyarsa na bugawa, ba tare da kowa ya riga shi ba. Ya san shi ne kallonsa na ƙarshe a ƙasar nan.

Ranar Anti ta yi tuwon shinkafa miyar kuka. Kawu ya idar da azahar, ya ɗora shuɗiyar hular a kan farin kaftani, na shimfiɗa jarida a ƙasa don ɓawon gyaɗa. Har Yayana ya yi alkawarin zama zuwa ƙarshe. Kawu ya ɗauki rimot ke nan aka danna ƙararrawar ƙofa.

Wani ɗalibi ne sabon zuwa, mai karatun digiri na uku, yana zaune a Ladywood. Ka san al'adarmu, baƙo in ya sauka gari sai ya je ya gaida manya, kuma ba a zuwa gaida babba da baki fayau. An gaya masa Kawu ba shi da zance sai na wannan kulob, shi kuma mutumin bincike, sai ya yi bincikensa tun da safe don ya samu abin da zai riƙe. Ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya gaida Kawu da gajiya da iyali da sanyi. Yaro mai tarbiyya, wallahi, irin wanda uwa ke nuna wa 'ya'yanta. Sai ya sunkuyar da kai ya sassauta murya.

"Baba, ashe abin da ya faru ke nan. Na gani online da safe, one run kawai, da ci ɗaya aka doke ku. Sai haƙuri, Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Anti na bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ni ji na yi kamar in kwashe gyaɗar in watsa masa, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, ko da yake na san bawan Allah ba shi da laifi. Magana zarar bunu ce. Na dubi Kawu. Jaje aka yi masa, jaje kuwa amsa shi ake yi.

"Haƙuri ya zama dole," in ji Kawu. "Na gode, ɗana. Allah ya bar zumunci."

Yayana ne ya fasa ƙwan da Turanci, ya ce ai ba mu kalla ba tukuna. Ɗalibin ya dubi talabijin, ya dubi hular, gumi ya keto masa a cikin wannan sanyi. Ya shiga ba da haƙuri har harshensa na sarƙewa. Kawu ya tare shi ya ce gaisuwa ya zo yi, ba a yi wa mai gaisuwa faɗa, ya sa aka zuba masa tuwo. Sannan ya danna maɓalli.

Muka kalla tun daga jifan farko. Yayana ya sulale, ya ce an riga an san ƙarshe. Ɗalibin ya kasa tafiya ya kasa zama, ya maƙale a gefen kujera. Kawu bai tsallake ko minti ɗaya ba, sai tsayawar la'asar da magariba, amma bai daskarar da hoton ya tambaye ni komai ba. A can ƙarshe wani ɗan kulob ɗinsa ya maka ƙwallo ta yi nisa, ya ruga har zango na uku, saura taki kaɗan a yi kunnen doki. Sai na ga Kawu ya miƙe tsaye, ya karkata gaba, leɓensa na motsi, alhali ya sani sarai. Mai bugu na gaba ya ɗaga ƙwallo sama aka cafe. Kawu ya koma ya zauna a hankali. Bayan baƙon ya tafi ya ce mini ya ga komai, amma kamar mai mura ya ci tuwo.

Ya koma Zariya cikin hunturu. Da Oktoba ta zagayo, abin mamaki, kulob ɗin ya sake kaiwa ƙarshe. Abba, mai tsokanar nan, ban roƙe shi ba ya sa aka buɗe mana tashar, ya ce wai yana so ya ga duniyar da ake faɗa. Akwatinmu na Gorton ya ɗauki wasannin duka, na kalle su ni kaɗai bayan makaranta. Wannan karon suka ci. Na yi tsalle a falo har maƙwabciyarmu ta buga bango, na fizgi wayar Umma na kira Zariya ina haki.

"Tsaya," in ji Kawu tun ban gama sallama ba. "Kada ki faɗa min. An ɗauka?"

Na ce an ɗauka.

"To ki ajiye min. Ina nan tafe bikin kammala karatun yayanki, mu zauna mu kalla tare."

Na haɗiye maganar. Wata da watanni muna waya, yana ba ni labarin mangwaron da ya dasa da rashin wutar lantarki, kuma kullum sai ya yi alfahari cewa bai tambayi kowa ba. A Zariya ma wa zai gaya masa? Na yi wa akwatin nan tsaro kamar kaza da ƙwai, duk wanda ya matsa kusa da maɓallin gogewa sai ya ji bakina.

Cikin zafin bazara, kafin ruwan farko, ciwo ya kwantar da shi. Umma ta tafi Zariya. Wata rana da hantsi ta kira ni daga asibiti, ta yi ƙasa da murya ta ce jikin ya yi nauyi, in faɗa masa ya ji daɗi. Ta kanga masa wayar a kunne. Na ce, Kawu, in faɗa maka?

"Ajiye min," ya ce.

Na ajiye. Kwana kaɗan bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu 'ya'yan Yayana ne ke zuwa wurina hutu. Na gwada zaunar da su sau ɗaya, ban sake ba. Su a wayarsu sakamakon ne ke fara fitowa a sama, sannan a nuna musu wasan rabin yini cikin minti biyu, su wuce zuwa wani abu. An ce har agogo an sa wa masu jifa don a rage nawa, ko masu kallo za su dawo. Ban ga laifin yaran ba, zamaninsu ba ya barin mutum ya jira komai. Gidan Handsworth wasu ne a ciki, akwatin kuwa kamfani ya karɓe shi da muka sauya gida, da duk abin da ke cikinsa.

Umma har gobe tana cewa da na faɗa masa, da ya tafi da farin ciki. Ni nakan ce abin da ya roƙa shi na ba shi. Ba mu taɓa daidaitawa a kan wannan ba, kuma wani lokaci ina ganin ita ce da gaskiya. Ina kewarsa ƙwarai. Na riƙe masa amanar nan shekara da shekaru, yanzu kuwa babu sauran kallon da zan ɓata masa. Allah ya jiƙanka, Kawu. Sun ci.