Kamu Huɗun Bahago

Bahago kafinta ne, kuma duk layin babu wanda ya san shi da wani suna. Da hagu yake jan zarto, da hagun kuma yake kaɗa jita, ya juya ta sama a ƙasa, siririyar tsirkiya a sama, mai kaurin a ƙasa. Babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Yana yaro akwai wani ɗan haya a gidansu mai kaɗa jita a bakin ƙofa, shi kuwa ya tsuguna gabansa yana kasa kunne har ya kwashe kamu huɗu, wato salo huɗu na danna tsirkiya da yatsu. Mutumin ya tashi daga gidan kafin a kai ga na biyar.

Bahago bai ga asara a nan ba. Ya raɗa wa kamun nasa sunaye: Ƙugiya, Kaguwa, Tsani, da Marainiya mai sautin tausayi. Da su ya yi samartaka, da su ya yi furfura. In ka ce masa akwai masu karantar kiɗa a makaranta, sai ya taɓe baki ya ce, "Kiɗa a kunne yake, malam. Takarda tana da kunne ne?" Taurin kai dai, Allah ya ba shi rabonsa har da na maƙwabta.

Muryar kuwa ta Yaya ce, wansa, direban motar ma'aikata. A bakin sitiyari Yaya yake tsara baiti, ya kawo shi shagon ƙanensa da yamma, Bahago ya ɗora shi a kan kamu huɗun nan. Duk Asabar suna wasa a wani lambun shan iska, gaban kujerun roba da tsofaffin da suka haddace waƙoƙin. Wadda aka fi so ita ce ta marigayiya mahaifiyarsu. Kusa da ƙarshenta akwai wurin da Yaya yake ɗaga murya can sama ya kira Inna, ya riƙe, har masu shan shayi su manta da kofi a hannu.

Sai maƙoƙo ya fito wa Yaya, aka yi masa tiyata. Ya warke, amma muryar ta dawo da kauri, ta zauna ƙasa. Ranar da suka fara gwadawa a shago, cikin ƙamshin katako, komai ya tafi daidai har aka zo wurin kiran nan. Muryar ta taso, ta tsage. Suka sake. Ta sake tsagewa.

"Yaya, ka ɗan ƙara ɗagawa mana," in ji Bahago. "Ai wurin yana nan inda yake."

Yaya ya dube shi. "Wurin yana nan," ya ce. "Ni ne ba na nan."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Daga ranar ko a cikin mota ya daina rera komai. Matarsa ta zo har shago ta ce, "Ƙanin miji, me ka gaya masa? Mutum ya koma kamar an yi masa rasuwa." Yaya kuma ya aika wa mai lambu cewa ƙarshen wata zai zo ya yi wa jama'a sallama da baki, a nemi wani mawaƙin.

Abin ya tsaya wa Bahago a rai, don ya san shi ya ƙarasa karya ɗan'uwansa. Ya gwada dabara irin tasa: ya sassauta tsirkiyoyin duka don sautin ya sauka. Suka saki, suna karkarwa kamar igiyar shanya, Marainiya ta fito ba kan gado. Ya ɗaure su ya zauna yana huci. A saninsa waƙa tana zaune ne inda yatsu suke kamawa, in ka matsa daga nan ka fita daga waƙar.

Ana cikin haka aka kira shi gyaran ƙofar kabad a gidan wata tsohuwar malamar kiɗa da ta bar aiki. Yana durƙushe yana ɗaure maɓalli, ita tana kan fiyano tana rera wani abu da muryarta ta tsufa. Ta kai wani wuri ta kasa, ta yi tsaki, ta ja hannuwanta hagu kaɗan ta sake farawa. Waƙar ce dai, ba a rage mata komai ba, amma ta sauko inda tsohuwar take.

Sukurdireba ta faɗi daga hannun Bahago.

"Malama, don Allah me kika yi yanzu?"

"Na sauya mata gida. Kai ba mai jita ba ne? Wannan ai abin farko ne."

Kunya ta kama shi har wuya, amma ya haɗiye ta ya zayyana mata komai. Ta sa ya ɗauko jitar. Tana ganin riƙonsa ta dafe kai.

"Ikon Allah! Sama a ƙasa? To ni ban iya jita ba, balle irin taka. Ƙirge zan koya maka, neman wurin kuma aikinka ne."

Ta saurari kamun ɗaya bayan ɗaya tana taɓa fiyano. Ƙugiya ita ce ɗaya, nan ne gida. Kaguwa huɗu, Tsani biyar, Marainiya shida. "Ka taɓa yin matakala ka kai ta wani bene?" in ji ta. "Tazarar hawa ta canza? To haka waƙa take. Tazarar ce waƙar, ba wurin da ka jingina ta ba. Yayanka yana bukatar a sauko masa da ita hawa uku."

Faɗa da baki ya fi yi da hannu sauƙi. A sabon gidan babu Ƙugiya babu Kaguwa, sai baƙin kamu da ya dinga lalube gaɓa-gaɓa a wuyan jitar. Biyu daga ciki sai ya shimfiɗa yatsa ɗaya ya danne tsirkiya shida gaba ɗaya, yatsan da guduma ta sha daka. Sautin ya fito a dakushe. Mafi muni, da zarar waƙar ta ɗauki zafi, hannun sai ya gudu tsohon gidansa ba tare da ya yi shawara da kowa ba.

"Ka koma!" Malama takan daka masa tsawa. "Daina kiran sunayen nan naka. Ƙirga! Ɗaya, shida, huɗu, biyar!"

Mutum da jikokinsa, ana yi masa faɗa kamar ɗan aji ɗaya. Ya yi fushi ya tafi, washegari ya dawo. Har ana gobe wasan, in ya buga waƙar sau uku sai hannun ya ci amanarsa sau ɗaya, kuma kullum a bakin wurin kiran nan.

Ranar Asabar lambun ya cika. Yaya ya hau dandamali da riga mai rufe tabon wuyansa, ya karɓi makirufo ya fara godiya, yana magana a hankali. Bahago yana zaune bayansa. Bai gaya masa komai ba, don ya san in ya faɗa Yaya ba zai zo ba. In kuwa ya ja shi cikin waƙar hannun ya zame, Yaya zai tsage a gaban jama'a, kuma wannan karon babu gyara.

Yaya bai ƙarasa sallamar ba Bahago ya saki mabuɗin waƙar Inna.

Yaya ya juyo da ido jajur. "Kai, bari," ya ce ƙasa-ƙasa. Bahago ya sunkuyar da kai ya ci gaba, leɓɓansa suna motsi: ɗaya, shida, huɗu, biyar. Jama'a sun riga sun fara tafi. Mabuɗin ya zagayo ya wuce, Yaya bai shiga ba. Ya sake zagayowa. Can sai bakin da ya saba ya buɗe da kansa.

Baiti na farko ya wuce, na biyu ya bi. Bahago bai ji daɗin ko ɗaya ba, wurin nan kawai yake hange yana matsowa. Ya ga kafaɗun Yaya sun ɗaure, ya ga ya janye makirufon daga bakinsa kamar mai shirin a mare shi. A daidai nan hannun Bahago ya zabura zai koma Tsani. Ya ji shi yana tafiya. Ya cije leɓe ya fizgo shi, ya shimfiɗa yatsan ya danne da duk ƙarfin da yake da shi.

Yaya ya kira Inna. Muryar ta fito da kauri, da ɗan gargada, amma ta isa, ta zauna, ya riƙe ta har numfashinsa ya ƙare. Wata tsohuwa a gaba ta rufe fuska da gefen mayafinta.

Da aka watse suka tsaya bayan dandamali, Bahago yana naɗe wayar makirufo. Yaya ya tsaya a kansa, Bahago ya fara shirin shan zagi.

"Hawa nawa ka sauko da ita?"

Bahago ya ɗago. "Uku, Yaya."

Yaya ya shafa tabon wuyansa, ya yi gyaran murya, ya gyara zaman hularsa.

"Ta ɗan matse ni a ƙarshe," ya ce. "Asabar mai zuwa ka ƙara ɗaya."