Mangwaron da Ya Ɓoye Mu

Kafanchan

Damina biyu bayan cutar da ta ruɓar da citta, a watan da aka sauya rufin cocinmu, wata malamar jami'a, Dokta Asabe, ta zo rumfata a bakin tashar jirgin ƙasa. Wai suna binciken yadda jirgi da waya da acaɓa suka sauya gari, tana so in je Kaduna in yi magana a taronsu. Ni da nake tuƙa tuwo a nan tun jirgi na cin kwal, na san abu ɗaya: duk wanda ya zo da igiyar awo ko abin ɗaukar hoto, katafila na bayansa. Na amsa zan je, don in ga abin da ake ƙulla wa rumfunanmu. 'Yata Rahila, mai rubuta wannan, ta raka ni. Ƙarfe biyar da rabi, ana kiran salla, bas ɗinmu ta tashi.

Zonkwa zuwa Kachia

Wata mata a cikin wayar direba sai faɗa masa hanya take yi. Na tambaye shi ko ta taɓa taka Kachia. Ya ce, "Mama, ta fi ki sanin gari." Na ce to ta faɗa masa ramin da ke gaba. Ba ta faɗa ba, muka afka.

A Kachia, ƙarfe takwas saura, muka sha koko da ƙosai. Nan Rahila ta zaro takardar da Dokta ta bayar, wai ta yarda ce, in dangwala yatsa. Na ce yatsana ba ya riga idona zuwa ko'ina.

Kasuwan Magani

Sojoji sun sauke mu, sun leƙa jakunkuna, mun wuce. Ba su nemi yatsan kowa ba.

Kaduna

Ƙarfe goma da rabi muka shiga wani ɗaki mai sanyi kamar randa. Suka haska Kafanchan a bango, wai tauraron ɗan'adam ne ya ɗauko ta daga sama. Na gane layin dogo, na gane rufin tasha. Gefenta kuwa kore shar, da rubutu a kai. Rahila ta raɗa min: an rubuta fili, babu kowa.

Na miƙe ba a ba ni dama ba. Na ce, "Tauraronku yana gani ta cikin ganye? Mangwaro ne wannan. Mu muka dasa shi, muna ƙarƙashinsa."

Wani farfesa mai furfura ya yi murmushi, ya ce za a gyara daga baya. Na ce masa takardar da ta ce babu kowa, ita mai katafila zai riƙe, ba murmushinsa ba. Dokta Asabe ta ce, "Mama, zo ki nuna mana." Na ɗauki sandar farfesan, na bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya, daga famfo har tsohon sigina na jirgi: mai fura, mai ɗinki, mai cajin waya, ni. Tana rubuta sunayenmu, har da na waɗanda suka dasa mangwaron. Na sa aka buga sabuwar takarda, Rahila ta karanta min sau biyu, sannan na dangwala.

Sun kama mana ɗaki a otal, ƙofarsa da kati ake buɗewa. Ƙofar da ba ta da sakata ba ta ga barcina ba; gidan 'yar ƙanwata a Sabon Tasha muka kwana.

Gida

Washegari ƙarfe biyu muka sauka lafiya, godiya ga Ubangiji, da Dokta da ta biya mota. Ban ce na yarda da su ba. Tawa takardar tana ƙasan akwatin zannuwana.

Mu tara muka dasa mangwaron nan. Saura ni, da Hajiya Dije mai fura, da Tabita da ido ya mutu mata. Ita na fara kai wa takardar. Ta shafa ta, ta ce in ɗora yatsanta inda sunanta yake.