Silifas a Ƙofar Majalisa

Mai gyaran takalman ƙofar majalisa ba ya kallon fuska, ƙafa yake karantawa. Shi ya sa 'yar jaridar nan ta talabijin ta ɗaure masa kai. Daga ƙugu zuwa sama tsaf take, kwat ta sha guga, ga makirfo a hannu. A ƙasa kuwa tsohon silifas ne duk ya cinye, tun da kyamara ba ruwanta da ƙafa.

Shekara nawa ta yi tana bin manya da gudu? Anya 'ya'yanta ba su fi ganinta a akwatin talabijin ba?

Ga motar minista tana fitowa. 'Yar jaridar ta bi ta tana jefa tambaya, gilashi yana ɗagawa. Mota ta wuce, silifas ya tsinke.

Ta ɗingiso ta miƙa masa.

"Ya amsa kuwa, 'yata?"

"Ina fa, Baba. Wata uku ina tambayarsa inda maganin asibitoci ya shiga. Gobe ma zai gan ni."

Ya jujjuya silifas ɗin, ya zaro zare mafi kauri, ya ninka ɗinkin.