Furar 'Yan Dubiya

Shekarar da ƙodar yayana ta daina aiki, ni aka ɗora wa kula da magungunansa. Ni ne malamin makaranta a gidanmu na Sheme, kuma a wurin danginmu duk wanda ya iya karanta Turanci rabin likita ne.

Cikin ƙwayoyin akwai wata 'yar fara ta rage kitsen jini, wadda aka ce tana tsare zuciya. Na riƙe ta kamar jarrabawa. Kullum bayan magariba sai na tsaya a kansa har ya haɗiye.

"Malam, ni ba ɗalibinka ba ne," in ji shi. "Saura ka ce in buɗe baki ka duba."

"Buɗe, Yaya."

Wata rana a Katsina, yana kwance injin wankin ƙoda na jan jininsa, na yi wa likitar alfaharin bai taɓa tsallake ƙwayar ba. Ba ta yaba mini ba.

"Tunda ya fara ta kafin wanki, ya ci gaba," ta ce. "Amma ga masu wankin ƙoda ba ta kare zuciya kamar yadda take yi wa sauran mutane. Dubi kumburin ƙafarsa. Ruwa ne ke wahalar da zuciyar nan. Me yake sha?"

Me yake sha? Zumunci.

Mu ba ma zuwa dubiya hannu rabbana. Gwaggo ta zo daga Ruwan Godiya da kunun tsamiya, abokan cinikin shanunsa da fura da nono, liman da rubutu. Kuma dole marar lafiya ya kurɓa a gaban wanda ya kawo, in ba haka ba a ce raini ne, ko yana zargin an sa masa wani abu. Mai lafiyar ƙoda in ya kurɓa, ya fitar a fitsari. Yaya ba ya fitarwa.

Na koma gadin zaure, ina karɓe ƙore. Ran nan wani dattijo, aminin mahaifinmu, ya iso daga Damari da furarsa. Yaya ya jiyo muryarsa.

"Mutum ya ratso dajin nan da direbobi ke tsoro, ka ce ya koma da ita? Miƙo ludayi."

"Yaya, likita ta ce..."

"Likita ce za ta sallace ni? Shi ne zai tsaya a sahu."

Ya sha, ya ƙara, don dattijon ya ji daɗi. Daga ranar gadina ya ƙare, tunda ba a karɓar na wani a ƙi na wani.

Da damina ta kama ba ya iya kwanciya, a zaune yake barci yana haki. Wata safiya muna hanyar wanki, mun wuce Kankara kaɗan, ya dafe ƙirji ya jingina da kafaɗata. Direba bai ma ankara ba sai da na ce ya juya. Jiya-jiyan ya sha ƙwayarsa, a gabana.

Ranar zaman makoki dattijon ya dawo da wata ƙwaryar.

"Alhamdu lillahi," ya ce, "ya sha furata kafin ya tafi."

"Ya sha, Baba."

Ya miƙo mini ludayin. Na kurɓa.