Ɗahiru Mai Fito a Shekarar Korona

Ɗahiru mai fito ne a wani ƙauye da ke bayan Kirikasamma. Da damina, idan kogi ya cinye hanya, kwalekwalensa ne ke kai mutane gaɓar da ake samun motar Haɗeja. Bai yi boko ba, amma ya san rukunin jininsa O ne tun ranar da ya ba matarsa Amira jini a wajen haihuwa.

Shekarar korona ruwa ya zo da yawa, tsoro kuma ya fi ruwan yawa. Sauran masu fito suka daina ɗaukar duk mai tari ko zazzaɓi. Ana cikin haka wani ya kunna saƙon murya a majalisa, wai cutar ba ta kama masu jinin O. Ɗahiru ya ji kamar da shi ake. Washegari ya ɗauki wata tsohuwa da kowa ya ƙi, tana ta haki, ya ratsa da ita ta cikin ciyawar kacala har gaɓa. Daga nan duk mai mara lafiya shi yake nema.

Hamman, ɗan ƙanensa da ke aikin gwajin jini a Haɗeja, ya kira shi a waya.

"Baffa, ba haka binciken ya ce ba. Cewa aka yi ƙila haɗarin ya ɗan ragu, shi ma ba a gama tabbatarwa ba. Masu O suna kamuwa."

"To in na ajiye gorar tuƙi, wa zai ƙetare da su?"

Sai Hamman ya aiko masa da takunkumi da sabulu, Ɗahiru ya rataye su a ƙusa ya ci gaba da aikinsa.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kayar da shi. Amira na bandar kifi a tsakar gida, shi ko ƙamshin ba ya ji. Gwaji ya nuna korona ce. Ya kwanta shi kaɗai a ɗaki, ƙirji kamar an ɗora dutse, yana jiyo mutane suna ƙwala masa kira daga bakin ruwa. Wannan kiran ya fi ciwon damunsa.

Da ya warke zai koma bakin ruwa, Amira ta tare ƙofa.

"Maigida, ai ka gani. Jinin naka bai tsare ka ba."

"Bai tsare ni ba, na yarda. Amma marasa lafiya ba su ƙare ba."

Ya sauko da takunkumin ya ɗaura. Ya sa bokiti da sabulu a kwalekwale, mara lafiya can gaba, shi a baya. Ya bi abokin sana'arsa Badaru har gida, ya yi ta lallashinsa sai da ya amince su riƙa karɓa-karɓa. Haka suka yi har ruwa ya janye.

Har yau Ɗahiru yana fito, sai dai numfashinsa bai koma kamar da ba. A tsakiyar kogi yakan tsaya ya huta, sannan ya sake kafa gora.